Jirgi Ya Yi Sama, Sabis Ya Yi Ƙasa

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar iska, a fili nake a bayan garin Guildford na ƙasar Ingila, inda nake karatun sadarwa. Yau raina a ɓace yake, kuma abin dariya yake ba ni. Kun ga jirgin nan mara matuƙi? Mun ɗaura masa na'urar auna sabis muka tashe shi. Kowa zai ce ai a sama babu gini babu bishiya, sabis sai ya cika. Ina! Yana kusantar mita 100 lambobi suka birkice.

Ashe eriyoyin da ke kan ƙarfen sabis ƙasa aka sunkuyar da su, don mu masu tafiya a ƙasa aka kafa su. Shi kuwa a can sama babu abin da ya tare shi, ƙarafa barkatai yake ji lokaci guda, kowanne na yi wa ɗan'uwansa katsalandan, sai ya yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan. Shi ma yana dagula musu nasu aikin. Ga doka ta hana wuce mita 120, ga batir da ba ya kai rabin awa. Batir ɗaya fam ɗari da wani abu, kada ma ku lissafa da naira, hawan jini ne.

Malamina cewa yake yi wannan wasan yara ne in aka zo maganar tauraron ɗan'adam, kuma gaskiyarsa. Na Starlink suna wajen kilomita 550 a sama, suna gudun kusan kilomita 27,000 a awa. Minti kaɗan tauraro ya wuce, dole a miƙa ka ga na bayansa ba tare da kiranka ya yanke ba. Gudun ma kansa yana sauya mitar sigina, wato saurin kaɗawarta, kamar yadda jiniyar motar asibiti ke canza sauti in ta wuce ka. Waɗanda ke can kilomita 35,786 ba sa gusawa daga samanka, amma kafin saƙo ya je amsa ta dawo an ci rabin daƙiƙa. Sai a 2022 ƙa'idojin 5G suka shigar da taurari a hukumance.

Af, kun san a garin nan aka ƙera tauraron ɗan'adam na Najeriya, NigeriaSat-1, da aka harba a 2003? NigeriaSat-X na 2011 kuma injiniyoyinmu ne suka haɗa shi a nan da hannunsu. Duk Baturen da ya tambaye ni daga ina nake, da wannan nake fara masa, ya so ko ya ƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwa. Ruwan sama yana cinye sigina mai babbar mita, amma ruwansu a nan yawanci yayyafi ne. Nakan ce musu ku zo Kaduna a watan Agusta ku gwada na'urarku. Wallahi ina kewar ƙamshin ƙasar nan in an yi ruwan farko.

Ƙannena masu turo mini saƙo kuna son karatun nan, ina gargaɗinku: kada hoton jirgi ya ruɗe ku. Tashin jirgin na yini ɗaya ne, sauran watan kana gaban kwamfuta da lissafi. In ba ka shiri da lissafi, gyara tun kana gida, kafin a sayar da gona a biya maka kuɗin makaranta.