Dutsen gugar mai ɗinki: abin da za a duba kafin a saya

Assalamu alaikum masu kallo, barkanku da warhaka. Yau maganar dutsen guga za mu yi, amma na mai ɗinki: tela, da mai harhaɗa ƙananan ƙyallaye ya ɗinka bargo da su.

Aikinsu daban ne da na mai goge kayan sawa. Shi wancan ya kunna dutse, ya goge riga biyu, ya kashe. Mai ɗinki kuwa dutsensa a kunne yake wuni guda: ya ja layi ɗaya a keke, ya juyo ya danne, ya koma keke, ya sake juyowa. Yawancin duwatsun da ke kasuwa ba don irin wannan wahala aka ƙera su ba, shi ya sa suke mutuwa da wuri a hannun masu ɗinki.

Ku lura da yadda mai ɗinki yake guga. Ba jan dutsen ake yi a kan yadin ba. Ɗora shi ake yi, a ɗan jira, a ɗaga, a sauke a gaba. Dalili kuwa, ƙyallen da aka yanka a karkace yana miƙewa in an ja shi da zafi. A ɗinkin haɗe-haɗe, bakin da ake bari bayan zare kwatan inci ne kawai, wajen milimita 6. In kowane ƙyalle ya miƙe da milimita 1, a layi mai ƙyalle 20 an sami kuskuren santimita 2, kusurwoyi sun ƙi haɗuwa ke nan, sai farkewa.

Tunda dannawa ake yi, nauyi abokin aiki ne. Dutse mara nauyi, kafaɗarka ce za ta biya bashin. Mai kilo ɗaya da rabi ko kusa da haka yana kwantar da ɗinki da kansa. Sai dai ka ɗauke shi a hannu ka ji tukuna, domin sau ɗaruruwa za ka ɗaga shi a wuni, kuma mai ciwon wuyan hannu ya fi kowa sanin iyakarsa.

Sai zafi. A jikin kwali za ku ga an rubuta wat 1200, ko 1800, ko fiye. Wannan lamba saurin ɗaukar zafi take nunawa, da saurin dawowarsa bayan yadi mai danshi ya shanye shi. Ba ta cewa komai a kan inganci. Abin da ke tsare zafin wani ɗan ƙarfe ne a ciki, mai lanƙwasawa in ya yi zafi ya yanke wuta, ya huce ya mayar. Shi ne wannan ƙas ɗin da kuke ji. Dutse mai kyau, tazarar da ke tsakanin zafinsa da hucewarsa kaɗan ce. Mara kyau kuwa, yanzu ya ƙona yadi, an jima ya kasa kwantar da kalmasa. Ɗige-ɗigen da ke kan maɓallin ma suna da ma'ana: ɗigo ɗaya wajen digiri 110 ne a ma'aunin Celsius, biyu wajen 150, uku wajen 200. Auduga da lilin uku suke so, don haka dutsen da ba ya riƙe ɗigo uku na tsawon lokaci ba na mai ɗinki ba ne.

Ku juya shi mu ga ƙasansa. Akwai na alminiyam, mai saurin zafi da saurin karcewa. Akwai mai shafen tangaran da mai shafen Teflon (shafen da ke hana abu mannewa), masu santsi ƙwarai suna sababbi, amma fil ɗaya ko haƙorin zif ya isa ya kwarzane su, kuma in shafen ya fara ɓarewa ba ya gyaruwa. Ni dai ƙarfen nan da ba ya tsatsa na fi yarda da shi. In gam ɗin da ake manna wa kwala ya narke a jikinsa, ana goge shi da tsumma tun dutsen na da ɗumi, ya koma yadda yake. Kada dai a kankare da wuƙa. A duba hancin dutsen kuma, ya zama mai tsini, don ya shiga tsakanin ɗinki ya buɗe shi.

To, mu zo ga abin da ya fi kashe duwatsun guga: ruwa. Ruwan da ake zubawa a tankin yana ɗauke da ma'adinai. In ya zama tururi, su sai su zauna, su daskare fari fat kamar yadda kuke gani a gindin butar dafa ruwa. A hankali su toshe ramuka, robobin da ke tare ruwa su bushe saboda zafin yau da gobe, dutse ya fara yoyo. Rannan kana tsakiyar aiki a kan farin yadi, ya tofo maka ruwa mai launin ƙasa. Mai ɗinki ya fi kowa saurin gamuwa da wannan, tunda nasa dutsen ba ya hutawa.

Mafita mai sauƙi ita ce a bar tankin a bushe, ko ma a sayi dutsen da ba shi da tanki sam, a ajiye kwalbar feshi a gefe. A fesa, a danna, tururin ya fito daga yadin kansa. Ga wata riba: ƙasan busasshen dutse sumul yake, babu ramin da zai kama kusurwar ƙaramin ƙyalle ya naɗe ta, ko ya bar shaidarsa a yadi. Wanda kuwa aikinsa ba ya yiwuwa sai da tururi mai yawa, irin mai ɗinka kwat, akwai na masu sana'a wanda ake rataye tankinsa a sama, ruwa ya gangaro ta siririn tiyo, sai an danna maɓalli yake shiga. Shi an yi shi ne don ya wuni a kunne, kuma ana samun kayan gyaransa. In dai mai tanki ne a hannunka, karanta takardarsa ka ga irin ruwan da kamfanin ya ce, domin ba duka ke son tataccen ruwa zalla ba, sannan ka juye ragowar kullum in ka tashi.

Akwai kuma kashe kansa da dutsen zamani yake yi. Da yawa suna ɗauke wuta bayan wajen daƙiƙa 30 in an bar su a kife, ko minti 8 zuwa 15 in suna tsaye. Don kare gobara aka yi, ba abin rainawa ba ne, amma yana ɓata wa mai ɗinki rai: ka juyo daga keke ka tarar ya huce. Wasu kamfanoni, irin su Oliso, suna yin na masu ɗinki da ke kai minti 30 kafin ya mutu. In ka zaɓi wanda ba ya kashe kansa, to zare fulogi ya zama wajibi duk lokacin da za ka bar ɗakin.

Dutse mara waya yana da daɗin juyawa, sai dai yana hucewa tun daga lokacin da ka ɗauke shi daga mazauninsa. Ƙananan nan masu kamar tafin hannu kuma na kusa da keke ne, ba sa maye gurbin babba.

Waya ma a duba ta, musamman daidai inda ta shiga jikin dutsen, nan take karyewa. A nemi mai doguwar waya, wadda gindinta ke juyawa. A kuma kalli bayan dutsen: in da sukurori na yau da kullum aka ɗaure shi, mai gyara zai iya buɗewa ya canza waya ko fis. Sai ƙaramin rubutun da ke ƙasan mariƙi. Dutsen da aka yi wa Amurka volt 120 yake ci, ƙasashe da yawa kuwa 220 zuwa 240 suke bayarwa. In aka jona na 120 a wutar 230, nan take zai ƙone, komai sunan kamfaninsa.