Shay Given: golan da Faransa ta hana zuwa Afirka ta Kudu

Ku kawo wannan hoton a zuciyarku. Paris ce, daren 18 ga Nuwamba 2009. Mutumin da ke bin alƙalin wasa a guje yana nuna masa hannu, shi ne Shay Given, mai tsaron ragar Ireland. Thierry Henry na Faransa ya taɓa ƙwallo da hannu har sau biyu a gabansa, ya miƙa wa William Gallas, ya zura ta. Alƙali bai gani ba. Faransa ta tafi gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, Ireland ta zauna a gida.

An haifi Given a 1976 a Lifford, wani ƙaramin gari a gundumar Donegal. Celtic ce ta fara rainonsa, Kenny Dalglish ya kai shi Blackburn a 1994, da ya koma horar da Newcastle kuma ya saye shi a 1997 kan fam miliyan ɗaya da rabi.

Farkon zuwansa ya sha dariya. A wasansu da Coventry ya kama ƙwallo, ya ajiye ta a ƙasa zai buga, ashe Dion Dublin na bayansa. Dublin ya lallaɓo ya ɗauke ta, sai raga. Har yau ana nuna bidiyon.

Amma wannan yaron ne ya tsare ragar Newcastle kusan shekara 12, wasa sama da 460. Ba shi da tsawon irin su Petr Cech, abin da yake da shi saurin hannu ne da zafin nama a kan layi. Masu tsaron bayan Newcastle na lokacin kuwa, sai dai a ce Allah ya kyauta, shi ya sa kullum yana cikin aiki. Sau biyu 'yan wasa suka zaɓe shi golan shekara a Firimiya, 2002 da 2006. A Satumbar 2006, jim kaɗan bayan Obafemi Martins ya zo ƙungiyar, Given ya yi karo da Marlon Harewood na West Ham, hanjinsa ya yage, sai da aka yi masa tiyata.

Kofi fa? Nan ne labarin ke da ɗaci. Arsenal ta doke Newcastle a wasan ƙarshe na kofin FA a 1998. Ya koma Manchester City a 2009, Joe Hart ya ƙwace masa wuri, ranar da City ta ɗaga kofin a 2011 yana benci. A 2015 ya sake kaiwa wasan ƙarshe da Aston Villa, Arsenal ɗin dai ta zuba masa huɗu.

Ireland kuwa ya buga mata wasa 134 daga 1996 zuwa 2016. 'Yan Kamaru za su tuna shi a Niigata a 2002, inda Patrick Mboma ya ci shi, aka tashi ɗaya da ɗaya. Sifaniya ce ta fitar da su da bugun fenareti a zagaye na biyu, kuma kofin duniyarsa ke nan guda ɗaya tilo.

Yanzu ku sake tuna hannun Henry.