Amsoshin Tambayoyinku: Yadda ake naɗar sauti a ɗora shi a kan madannan fiyano

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon kusan duk sun karkata ne ga batun naɗar sautin kayan kiɗa da ɗora shi a kan fiyano, shi ya sa muka gayyato wani injiniyan sauti da ya daɗe yana aiki a situdiyo a Kano, kuma da yake lokacinmu kaɗan ne, za mu shiga kai tsaye.

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana tambaya ko kowane fiyano yana iya naɗar sauti. Amsa ita ce a'a. Akwai ƙanana irin Yamaha PSR-E463 da ke naɗar sautin da bai kai sakan 10 ba, manya kuma irin PSR-SX700 da PSR-SX900 sai an shirya musu sautin a kwamfuta da manhajar Yamaha Expansion Manager sannan a shigar da shi ta filashi, wasu kuwa babu wannan hanyar a jikinsu sam.

Wata baiwar Allah daga Kumasi ta ce tana son sanin lokacin da aka fara wannan fasaha. Na'urar Fairlight CMI da aka ƙera a Ostareliya a 1979 tana cikin na farko, Emulator na kamfanin E-mu ya biyo baya a 1981, sannan Akai S900 ya fito a 1986, lokacin da farashin irin waɗannan na'urori ya sauko har ƙananan situdiyo suka iya saye.

To, yanzu ga tambayar da ta fi yawa a cikin jakarmu, domin mun same ta daga Zariya da Damagaram da Garwa, kowa da irin kalmominsa. Na Zariya ya rubuto cewa ya naɗi goge da kalangu, ya ɗora su a kan fiyano, amma idan ya danna madannan dama sai sautin ya yi siriri kamar kukan jariri, idan ya koma hagu kuma sai ya yi kauri yana jan jiki, har ya fara zargin cewa jabun na'ura aka sayar masa. Malam, ka bar mai shago ya sha iska, na'urarka lafiyarta ƙalau. Bari mu ji ta bakin baƙonmu. Malam, bismilla.

Baƙo: Na gode. Ai wannan matsala ta tuna mini da zamanin da muka fara aiki, lokacin da ma'adanar na'ura ba ta da girma, sai mutum ya yi ta yanke sauti yana tsimi da kowane sakan. Yaran yanzu ba su san wannan wahalar ba, suna da manhajojin haɗa kiɗa irin Kontakt da FL Studio a kwamfuta, ga fili iya fili, amma ba su da haƙurin zama da makaɗi. Kuma su kansu masu goge na ainihi sun yi ƙaranci, wanda ka samu ma sai ka lallashe shi kafin ya yarda ya ja kiɗa guda ɗaya tak ya tsaya, domin shi hannunsa ya saba da tafiya, idan ka ce masa ya tsaya gani yake raina sana'arsa ka yi.

Malam, a yi haƙuri, a dawo mana kan sirantar sautin, agogo yana gudu.

Baƙo: To, dalilin shi ne na'urar ba ta san goge ba, abin da ta sani shi ne gudu. Idan ka naɗi sauti, dole ka faɗa mata madannin asalinsa, wato madannin da idan an danna shi sautin zai fito yadda aka naɗe shi. A tsarin MIDI, wato tsarin da na'urorin kiɗa ke aika wa juna saƙo da shi, wanda aka fara amfani da shi a 1983, kowane madanni yana da lamba daga 0 zuwa 127, kuma madannin da ake kira C na tsakiya shi ne 60. Idan ka hau madannai 12 daga na asali, na'urar za ta ninka gudun sautin sau biyu, sai ya yi sama, tsawonsa kuma ya ragu da rabi. Idan ka sauka madannai 12, gudun zai koma rabi, sautin ya yi ƙasa, tsawonsa ya ninku.

Bari in maimaita saboda waɗanda suka kunna rediyo yanzu. Samfurin sauti guda ɗaya, wato ɗan guntun sautin da aka naɗa, ba zai iya ɗaukar madannai 61 ba, domin duk nisan da aka yi daga madannin asali, gudun sautin canzawa yake yi, kuma tare da gudun ne amon ƙwaryar gogen da karkarwar hannun mai jan sa suke canzawa. To, Malam, mene ne magani?

Baƙo: Magani shi ne a naɗi samfuri da yawa. A sa mai goge ya ja sauti ɗaya ya riƙe shi na ɗan lokaci, a naɗa, ya matsa gaba, a sake naɗa, kamar bayan kowane madanni uku. Sai a ba kowane samfuri yankinsa, madanni ɗaya ko biyu a hagunsa da damansa, kada ya wuce nan. Kafin a ɗora, a auna kowanne da manhajar auna sauti a ga madannin da ya fi kusa da shi, domin goge ba da ma'aunin fiyano ake ɗaure shi ba. Tsakanin madanni da na kusa da shi akwai santi 100, wato ƙananan matakan hawa da saukar sauti, don haka ana iya ƙara ko rage 'yan santi har ya zauna. Kuma inda gogen ainihi ba ya kaiwa, a bar madannan wurin babu komai.

Ni a nawa ra'ayin, gyaran nan kada a cika shi, domin idan aka miƙar da goge sarai ya bi fiyano, ɗanɗanonsa yakan gudu. Amma ina batun kalangu, wanda shi ne na Damagaram ya fi damuwa da shi?

Baƙo: Kalangu daban yake. Da farko a kashe bin madanni, wato canza gudun sauti daga madanni zuwa madanni, a ba kowane bugu madanninsa shi kaɗai, kuma a saita shi ya buga har ƙarshe ko an ɗaga yatsa. Na biyu, na'urar tana auna ƙarfin dannawa daga 1 zuwa 127, saboda haka a naɗi bugu mai taushi da matsakaici da mai ƙarfi a jera su a madanni guda, misali mai taushi daga 1 zuwa 60, matsakaici zuwa 100, sauran kuma na mai ƙarfi. Amma maganar da kalangu ke yi, wadda ke fitowa idan makaɗi ya matse shi a hammata bayan ya buga, ba ta yankuwa. Wannan sai a naɗi jimlar kiɗan gaba ɗaya a ajiye ta a madanni ɗaya.

Ina fata an ji. Goge da algaita da sarewa, samfuri da yawa, kowanne da ƙaramin yankinsa. Kalangu da ganga da kotso, kowane bugu da madanninsa, ƙarfin dannawa kuma shi ke zaɓen bugun da zai fito.

Na Garwa ya ƙara da cewa idan ya danna madanni sai sautin ya ɗan yi jinkiri kafin ya fito. Wannan shirun da ke gaban samfurin ne ba ka yanke ba, ka buɗe shi a manhajar gyaran sauti ta Audacity, wadda kyauta ce, ka datse shi daf da inda sautin ya fara.

Wani ɗalibi daga Sakkwato ya ce idan ya saita algaita ta riƙa zagayowa domin ta daɗe, yana jin wani ƙas-ƙas a kowane zagaye. Malam, a taƙaice.

Baƙo: Farkon zagayen da ƙarshensa ne ba su haɗu ba. Ya sa su duka biyun a inda zanen igiyar sautin da ke cikin manhaja ya ratsa layin tsakiya, kuma ya zaɓi wurin da numfashin mai busa ya daidaita, ya kauce wa farkon busar.

Akwai mai tambaya daga Yamai kan ma'aunin da ya kamata a naɗa da shi. Ma'aunin faifan CD, wato na'ura ta auna sautin sau 44,100 a sakan guda da bit 16, ya wadatar, kuma minti ɗaya na sauti mai layi ɗaya yana cin kusan megabait 5, mai layi biyu kuma, wato na hagu da na dama, kusan 10, don haka mai ƙaramar ma'adana ya naɗi goge da layi ɗaya.

Wasiƙa ta ƙarshe daga Jos take, mai ita yana tambaya ko zai iya yanko bugun kalangu daga tsohon kaset ɗin wani mawaƙi ya sa a waƙarsa. Haba Malam! Wannan kayan wani ne, sai da izinin masu haƙƙinsa, ga shi kuma za ka kwaso muryar 'yan amshi da ƙarar kaset a ciki. Ka nemi makaɗi ka biya shi, ka kuma faɗa masa tun farko cewa bugunsa zai zauna a na'urarka ana ta amfani da shi, ku yi ciniki a kan haka. Sauran wasiƙun, ciki har da ta mai son naɗar kakaki a cikin ɗaki, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.