Ina zaka zuba makin nan? Lissafin gina ɗan wasanka a gem

Assalamu alaikum jama'a, yau maganar gem zamuyi amma da ɗan lissafi a ciki, kar kowa ya gudu, bai wuce sau da rabawa ba.

Sai kaga mutum ya haye lebul an bashi maki, ya kwashe duka ya zuba a ƙarfi wai shi so yake ya dinga kada abokin gaba da sara ɗaya. To tsaya kaji. A ce maki 20 gareka, kuma ɓarnar da kake yi ita ce ƙarfin sara sau yawan saran da kake kaiwa. Ka bawa ƙarfi 19 sauri 1, ka samu 19. Ka mai da shi 15 da 5, ya zama 75. Ka raba 10 da 10, sai ga 100. Makin dai 20 ɗinnan ne ba a ƙara maka ko ɗaya ba, amma ɓarnar ta ninka sama da sau biyar. Duk inda abu biyu ake haɗa su da sau, wanda ka bari a baya shi ke janyo ɗayan ƙasa.

Amma masu haɗa gem sun san da wannan, shi yasa suke saka wani waje da riba zata fara ja da baya. Mu ɗauki Elden Ring na kamfanin FromSoftware da ya fito a 2022. Vigor shine ke ƙara jininka, wato yawan saran da zaka iya sha kafin ka mutu. A Vigor 25 kana da jini 800, a 40 ya kai 1450, kaga kowane maki ya baka kamar 43 kenan. Daga 40 zuwa 60 ka tafi 1900, ya sauko wajen 22. Daga 60 har 99 kuwa maki 39 zaka zuba ka ƙare a 2100, biyar-biyar fa, alhali duk lebul kuɗinsa ƙara tsada yake, wallahi wannan asara ce tsantsa, gara ka kai su Endurance, wato juriya, ko abin da makaminka ke buƙata.

A League of Legends ma haka, sulke 100 yana rage sara zuwa rabi, 200 ya mai da shi kashi ɗaya cikin uku. In jininka 2000 ne sulke 50, kamar kana da 3000 ne. Ƙara sulke 15 ka samu ƙarin 300, ƙara jini 150 kuma 225 kawai zai baka. Kafin ka danna, ka lissafa kashi nawa makin gaba zai ƙara maka a kowane ɓangare, inda yafi nan zaka sa. Sai dai sulke baya tare sihiri fa, in abokan karawarka masu sihiri ne to jini da magic resist, wato kariyar sihiri, zaka nema.