Ina argon ɗin mai koyon waldar TIG yake tafiya?

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka daga nan Sakkwato. Kafin mu kunna injin waldar TIG, wato waldar da ake yi da tsinken ƙarfen tongstin da iskar argon, ku matso ku dubi agogon da ke kan silindar nan. Allura tana kan 150, matsin iskar da ke ciki ke nan. Cikin silindar kuma lita 40 ne. Ku ninka 40 sau 150, za ku samu 6,000. Wato akwai kimanin lita 6,000 na iskar argon a matse a cikinta. Idan na saita ta tana fita lita 8 a minti ɗaya, za ta kai minti 750, awa goma sha biyu da rabi ke nan wuta na ci ba tsayawa.

To ga abin mamaki. Mai koyo zai karɓi silinda cike ranar Asabar, kafin wata Asabar ta zagayo allura ta kwanta, alhali in ka harhaɗa duk waldar da ya yi ba ta kai ta awa huɗu ba. Argon kuwa ba gas ɗin girki ba ne da kowace unguwa ke da wurin cikawa, sai ka ɗora silinda a keke ka je nema.

Me ma ya sa ake bukatar ta? Tsinken tongstin da ke bakin tocin nan ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422, amma da ya yi ja iskar waje ta taɓa shi, nan take yake lalacewa. Haka ma narkakken ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Argon ba ta haɗuwa da komai, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a kan wurin kamar bargo. Lokacin da wani mai suna Russell Meredith ya kammala wannan dabara a Amurka a 1941, saboda haɗa sassan jirgin sama, da iskar hiliyom ya yi aiki. Daga baya argon ta karɓe kasuwa don ta fi araha. Kada wani ya ce maka ka sa gas mai haɗe da CO2 irin na wata waldar daban da ake kira MIG wai don sauƙi, tsinkenka zai cinye.

Yanzu mu bi sawun ɓarayin. Na farko yana jikin gilashin nan mai ɗan ƙwallo a ciki, wanda ke nuna yawan gas ɗin da ke fita. Ku lura, da yawansu rubutun lamba biyu gare su, gefe ɗaya lita a minti, ɗaya gefen CFH, ma'aunin Amurkawa. Yaro zai kalli bidiyo a waya, ya ji bature ya ce ya sa 20, shi ma ya zo ya murɗa har ƙwallon ya hau 20, amma a gefen lita. Shi baturen 20 ɗinsa ba ta kai lita 10 ba. Ka ga an ninka ci ke nan ba a sani ba. Da kofin bakin toci, inda gas ke fitowa, mai lamba 5 ko 6, a cikin shago inda iska ba ta kaɗawa, lita 6 zuwa 8 ta wadatar. A lita 15, silindar nan tamu awa shida da minti arba'in kawai za ta yi. Kuma abin haushin, waldar ba ta ƙara kyau. In gas ya fito da ƙarfi sai ya riƙa juyawa kamar guguwa, ya janyo iskar waje cikin narkakken ƙarfen, sai ka ga 'yan ramuka kamar cin gara. Shi kuma mai koyo da ya ga ramuka me zai yi? Ƙara buɗe gas.

Wannan ya kawo mu ga matsalarmu ta nan gida. Watan Afrilu a Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, ga hular walda a ka, ga safar hannu. Wa zai ce kada ka kunna fanka? Sai dai fankar da ke busa maka ita ce ke kwashe bargon argon ɗin. Da hunturu kuma iskar ce ke shigowa rumfa kai tsaye da ƙurarta. Juya fankar ta riƙa bugun ƙafafunka ko bayanka daga ƙasa, ka kafa kwano ko falle biyu na faranti su kare teburin. Kwano ɗaya ya fi ƙarin lita biyar amfani.

Ɓarawo na biyu sai ka kasa kunne. Na saki maɓalli, wuta ta mutu, amma kuna jin gas yana ci gaba da huci. Injin ne ke rufe tsinken da waldar har su huce, kuma wajibi ne. Ƙa'idar da masu sana'a ke bi ita ce kamar sakan ɗaya ga kowane amfiya 10, ma'aunin ƙarfin wutar walda ke nan. Matsalar ita ce gwani yana jan layi mai tsawo ya tsaya sau ɗaya, mai koyo kuwa bayan sakan goma sha biyar ya tsoma tsinke cikin narkakken ƙarfe, ya tsaya, ya je wajen dutse ya wasa, ya dawo. In injin yana kan sakan 10, kowace tsayawa kashi 40 cikin ɗari na gas ɗin ba walda ya yi ba. Tsayawa ɗari a yini, sama da lita 130 ke nan. Ga kuma wannan “fus” da kuke ji da zarar an danna maɓalli, gas ne da ya taru a tiyo yake fita gaba ɗaya, kuma tiyo mai tsawo ya fi tara shi. In kana koyo a kan faranti marar kauri da amfiya 50 ko 60, sakan 5 ko 6 ya isa. Tsinken ne zai faɗa maka gaskiya: in ya huce yana ƙyalli kamar azurfa, ka yi daidai, in ya yi shuɗi ko baƙi, ka rage da yawa, ƙara masa.

Ni a ganina ma, kwanakin farko ba su bukatar gas sosai. Inji a kashe, ka zauna ka koyi tura wayar ciko da yatsu, ka koyi jan toci a kan layin alli ba tare da tsinke ya taɓa ƙarfe ba. In ka kunna kuma, ja dogon layi, ka daina ɗigo-ɗigo.

Na uku ni ma ya taɓa ci na. A shagon da na yi koyo tocinmu mai famfo ne a wuya, kai za ka buɗe da hannu, kai za ka rufe. Aka kira Azahar, na ajiye toci a kan teburi na tafi masallaci, daga can na tsaya cin fura. Awa guda cur. Ina dawowa na tarar da maigidana tsaye, ya kara tocin a kunne. Ya dube ni ya ce, “Kai yaro, mi kaka yi da iskar ga? Shan ta kakai?” Na ce, “Maigida, a yi haƙuri, mantuwa ce.” Bai ƙara cewa komai ba, ya nuna mini agogo. Allura ta sauka da maki 12. A silinda mai lita 40 kowane maki ɗaya lita 40 ne, to lita 480 suka bi iska.

Yoyo ma haka yake, sai dai shi kunne ba ya jin sa. Wurin da ke zubar da lita ɗaya a minti, in ka bar kan silinda buɗe daga Magariba zuwa safe, awa 12, lita 720 sun tafi. Ku ga yadda ake kama shi: ruwan sabulu a ɗan gwangwani, a shafa a bakin regileta mai daidaita fitar gas a kan silinda, a mahaɗar tiyo, a bayan inji. Ga shi nan, kun ga kumfa tana tasowa a gindin wannan noti. Sifana kawai yake so. Wata dabarar, rufe kan silinda ka bar allura, in ka dawo bayan rabin awa ta sauka, akwai inda ke yoyo.

Abu ɗaya kuma da ba na kuɗi ba ne: argon ba ta da wari, kuma ƙasa take kwanciya. Kada ka shiga cikin tanki ka yi walda ba hanyar iska, tana iya shaƙe mutum bai ji komai ba.

Ɗauki alli ka rubuta lambar agogo a jikin silinda kowace safiya kafin ka fara. Da safe na ce, domin in rana ta gasa silindar allura takan ɗan ɗaga, ta ruɗe ka. Bari in ɗaure notin nan, mu sa ƙwallon a kan 7, mu ja layin farko.