Ranar da aka kori shugabannin bankuna biyar

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Hadiza ce tare da Auwal, ga kuma Baba Sabo da ya daɗe yana aikin banki kafin ya yi ritaya. Baba, yau zancen 2009 za mu tono.

Baba Sabo: To madalla, 'yata. Ranar Juma'a ce, 14 ga Agusta. Sanusi Lamido Sanusi bai cika wata uku a kujerar gwamnan Babban Banki ba, don a watan Yuni Shugaba 'Yar'aduwa ya naɗa shi. Ya fito ya ce ya sauke shugabannin Intercontinental, Oceanic, Afribank, Union Bank da Finbank, kuma za a zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe.

Auwal: Ni fa Baba tun nan nake da ja. Banki na masu hannun jari ne. Ina dalilin da gwamna zai wayi gari ya kori shugaban kamfanin da ba nasa ba?

Baba Sabo: Bankin nasu ne, amma kuɗin ciki na wa? Jarin masu banki ɗan kaɗan ne a kan ajiyar jama'a. Albashin malamin makaranta ne, cinikin ɗan Kwari ne, kuɗin sadaki ne da wani yake tarawa. Shi ya sa doka ta ba Babban Banki ikon cire shugabanni idan ya ga ajiyar mutane na cikin haɗari.

Hadiza: Amma a koma baya tukuna. Ba a daɗe ba da aka ce an gyara bankunan nan, zamanin Soludo, gwamnan Babban Banki kafin Sanusi.

Baba Sabo: Nan ne ma tushen. A 2004 Charles Soludo ya ce duk bankin da ke son ci gaba da aiki sai ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. A nan ne Bank of the North namu ya narke cikin Unity Bank tare da wasu takwas.

Auwal: Mai dogon ginin nan na Kano.

Baba Sabo: Shi. To manufar ba ta da laifi, don kafin nan akwai bankunan da ba su fi shagon canji ba. Sai dai kuɗi sun zo da yawa a lokaci guda, bankuna suka rasa inda za su kai su. Ba masana'antu suka nufa ba, ba noma ba. Kasuwar hannun jari suka nufa, da 'yan shigo da mai.

Hadiza: Wannan na kasuwar hannun jari shi nake so ka warware mana, don mutane da yawa sun sa kuɗi a lokacin.

Baba Sabo: Ga yadda ake yi. Za ka zo banki a ba ka bashi don ka sayi hannun jari. Mene ne jinginarka? Hannun jarin da ka saya ɗin. Sau da yawa kuma na wane kamfani ne? Na bankin da ya ba ka bashin. Kana saye, farashi na hawa, banki na nuna wa duniya cewa darajarsa ta ƙaru, sai ya sake fitar da sababbin hannun jari, ya sake ba wasu bashi su saya.

Auwal: Wato da kuɗin masu ajiya yake hura kansa.

Baba Sabo: Ka gane. Muddin farashi na hawa, kowa gwani ne. Direba, ɗan fansho, mai shago, kowa ya zama masanin kasuwa. Sai watan Maris na 2008 kasuwa ta kai ƙololuwa ta fara gangarowa. Rikicin kuɗi na Amurka ya sa Turawan da suka zuba jari suka kwashe nasu. Cikin shekara guda kasuwar ta zubar da kusan kashi biyu bisa uku na darajarta. Jinginar ta zama takarda, bashin kuwa yana nan daram.

Hadiza: Su kuma 'yan mai fa?

Baba Sabo: Gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 a watan Yulin 2008, a Disamba ta faɗo ƙasa da dala 40. Wanda ya ci bashi ya yi odar jirgi da tsada, kaya na isowa farashi ya karye. Da me zai biya?

Auwal: To wannan ai ƙaddara ce, Baba. Faɗuwar kasuwa ba sata ba ce.

Baba Sabo: Da a nan abin ya tsaya, da na yarda da kai. Amma da masu binciken Babban Banki da na NDIC, hukumar inshorar kuɗin masu ajiya, suka buɗe littattafai, sun tarar da basussukan da aka ba kamfanonin da ke da alaƙa da shugabannin kansu, wasu ba jingina ko ta sisin kwabo. Basussukan da suka ƙi biyuwa a bankunan nan biyar sun haura naira tiriliyan ɗaya. Kuma sun daɗe suna rayuwa da rancen gaggawa daga Babban Banki, alhali a jarida riba suke sanarwa. Cecilia Ibru ta Oceanic ai ta amsa laifi a kotu a watan Oktoban 2010, aka yanke mata wata shida, ta kuma sallama kadarori na kusan naira biliyan 190.

Hadiza: Wata shida!

Auwal: Wanda ya saci akuya ma ya fi haka daɗewa.

Baba Sabo: Wannan kam ba zan kare ba. Sauran shari'o'in ma sun yi ta jan ƙafa shekara da shekaru.

Hadiza: Na tuna har sunayen manyan masu cin bashi aka buga a jaridu.

Baba Sabo: An buga, kuma an ga sunayen da ba a zata ba. A Oktoba kuma aka ƙara sauke shugabannin Bank PHB, Spring Bank da Equitorial Trust, aka ƙara biliyan 200. Jimla 620 ke nan.

Auwal: Wasu a Kudu sun ce ajandar Arewa ce, ana so a ƙwace bankunansu.

Baba Sabo: An faɗa sosai. To duba wa ya saye su daga baya. Access ya ɗauki Intercontinental, Ecobank ya ɗauki Oceanic, FCMB ya ɗauki Finbank. Wanne ne na Arewa a ciki?

Auwal: To na bar wannan. Amma me ya hana a bar su su mutu kawai? Wanda ya yi ganganci ya ɗanɗana kuɗarsa.

Baba Sabo: An taɓa gwadawa. A Janairun 1998 an rufe bankuna 26 rana ɗaya, mutane suka yi shekaru suna bin kuɗinsu, wasu har suka rasu. Kuma a 2009 abin da NDIC ta lamunce wa mai ajiya naira dubu 200 ne kacal. Ka ce an rufe Union Bank ranar Juma'a, ranar Litinin wane banki ne ba za a yi wa layi ba? Babu bankin da ke ajiye duk kuɗin mutane a ɗaki. Yawanci an ba da su bashi. In kowa ya zo rana ɗaya, mai lafiyar ma faɗuwa zai yi.

Hadiza: Don haka babu mai ajiyar da ya yi asara a bankunan nan takwas.

Baba Sabo: Babu. Masu hannun jari ne suka sha wuya, musamman da aka ƙwace lasisin Afribank, Bank PHB da Spring a Agustan 2011 aka mayar da su Mainstreet, Keystone da Enterprise. Amma kar ki ce kyauta aka yi. An kafa AMCON a 2010 ta saye ruɓaɓɓun basussukan, kuma har yau tana bin tiriliyoyin da ba su dawo ba. Bankuna na biyan ta wani kaso duk shekara, ke kuma kin san daga aljihun wa suke fanshewa.

Auwal: Ka ga maganata ta fito. Talaka ne ya biya.

Baba Sabo: Ya biya, ban musa ba. Inda nake ganin laifin hukuma shi ne shekarun 2006 zuwa 2008. Masu sa ido suna nan, rahotanni na zuwa musu, kowa na ganin bashin hannun jari na kumbura, ba wanda ya taka birki. Sai bayan ɓarna aka ce shugaban banki kada ya wuce shekara 10 a kujera, aka kuma raba aikin banki da sauran harkokin da suke cusa kansu ciki.

Hadiza: Yanzu kuma ga wani sabon zagayen. A 2024 an ce manyan bankuna su kai jarinsu biliyan 500, a shekarar kuma aka ƙwace lasisin Heritage.

Baba Sabo: Heritage kam rufe shi aka yi, ba a cece shi ba. Sa'ar da aka yi, ba a daɗe ba da ɗaga lamunin NDIC zuwa naira miliyan 5, don haka ƙananan masu ajiya sun fi samun sauƙi. Masu manyan kuɗi su ne suka shiga jiran a sayar da kadarori.

Auwal: Wanda ke da miliyan 20 a banki ɗaya fa?

Baba Sabo: Biyar aka lamunce masa a kowane banki. Sauran lissafin ya rage nasa.

Hadiza: Auwal dai ba shi da wannan damuwar.

Auwal: Allah ya kawo ta, Yaya Hadiza, zan iya da ita.

Hadiza: Amin. Lokaci ya cinye mu, Baba mun gode. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.