Jawabin Maraba Ga Farfesa, Masaniyar Lafiyar Masu Juna Biyu Da Hoton Ciki, Daga Kwamitin Ci Gaban Asibitin Garinmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, iyayenmu mata, likitoci da ungozomomi, muna yi muku barka da zuwa. Ke kuma babbar baƙuwarmu, ranki ya daɗe, sannu da hanya.

Ba sai mun gaya wa kowa ko ke wace ce ba. Shekara shida a makarantar likita, shekara guda ta sanin makamar aiki, hidimar ƙasa, sai dogon horon ƙwarewa a ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata, sannan hawa matakan koyarwa ɗaya bayan ɗaya har kujerar farfesa. Kika zaɓi fannin da ake ganin jariri tun yana ciki. Likitocin da suka fito daga hannunki sun bazu ko'ina. Saboda haka tun kafin ruwan da muka ba ki ya huce, ga buƙatarmu: ki horar mana da ungozomomi huɗu su iya hoton ciki. Za mu dawo kanta.

Ƙasar Zazzau ba baƙuwar aikin likita ba ce. Ɗan Arewacin Nijeriya na farko da ya zama likita, Dokta Barau Dikko, ɗan Wusasa ne. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962. A Zariya Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a jere, ya fitar da sakamakon a 1985, inda ya nuna cewa matar da ba ta taɓa zuwa awo ba, wadda sai naƙuda ta gagara ake kawo ta, ita ce ta fi mutuwa nesa ba kusa ba. Bayan shekara biyu aka ƙaddamar da shirin haihuwa lafiya na duniya a Nairobi. Da iyayenmu aka koyar da duniya wannan darasi. Amma yau jikokinsu sai sun hau mota ko babur sun bar gari kafin a duba musu ciki. Tun 1958 likita Ian Donald ya fara nuna amfanin na'urar hoton ciki a birnin Gilasgo na Birtaniya, mu har yanzu muna kallonta kamar kayan gabas.

Ba wai ba mu taɓa samun na'urar ba. An kawo mana ɗaya, an yi taro, an ɗauki hoto. Ba a haɗa ta da sitabilaiza ba, wuta ta zo da ƙarfi ta taɓa allon wutarta. Da aka gyara, ƙurar hunturu ta toshe matatar fankarta, tana zafi tana kashe kanta. Daga baya kan da ake gogawa a ciki ya faɗi ƙasa, baƙin layi ya tsaga hoton daga sama har ƙasa. Tana can a sito an lulluɓe ta da zani. Mun rubuta takarda, mun sake rubutawa, shiru. Amma gaskiya ɗaya ce, ko lokacin da take da rai mutum ɗaya ne ya iya ta, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ranar aikin ya tsaya.

Da babu a asibiti, sai shaguna suka cike gurbin. Mace ta biya kuɗi, a shafa mata jel, cikin minti biyu a ce mata namiji ne, a ba ta takarda mai ranar haihuwa. Ita wannan rana ce ke ba mu wahala. Kin fi mu sani, ranki ya daɗe, idan aka auna tsawon ɗan tayi daga ka zuwa ɗuwawu kafin mako 14, kuskuren lissafi ba ya wuce kwana biyar zuwa bakwai. Idan kuwa sai a wata bakwai ko takwas aka fara aunawa, kuskuren na iya kai mako uku. Matanmu da yawa sun yi ciki ne suna goyo, ba su ga al'ada ba balle su tuna ranarta. Sai a ce ciki ya wuce lokaci, a tayar da naƙuda, a haifi bakwaini a inda babu kwalbar jarirai. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce kowace mai ciki ta samu hoto ɗaya kafin mako 24.

Ba mu ce ki mai da ungozomominmu farfesoshi ba. Binciken halittar jariri na mako 18 zuwa 22, da duba ɗakunan zuciya, wannan na manya ne. Abin da muke so su iya shi ne na ceton rai. Cikin yana cikin mahaifa ko a wajenta? Zuciya na bugawa? Ɗaya ne ko tagwaye? Su auna faɗin kai da kewayensa, kewayen ciki da tsawon ƙashin cinya. Su duba ruwan faya, in wurin da ruwan ya fi zurfi bai kai santimita 2 ba ko ya haura 8, su san akwai magana. Bayan mako 36 su gane ko jariri da kai ya zo, ko a zaune yake, ko a gicciye.

Sai mabiyiya. A nan muka fi jin zafi. Mace ta zo da wata takwas tana zubar da jini ba tare da ciwo ba. Ungozoma ba ta da ikon sa hannu ta duba, don in mabiyiya ce ta tare bakin mahaifa, yatsa ɗaya ya isa ya ɓalle jinin da ba mu da abin mayarwa. Da an gani tun a awo, da tuni an tura ta inda ake tiyata, an tanadi jini, ta tafi da ƙafarta da rana. Ba a gani ba, sai a ɗauke ta da tsakar dare a bayan mota.

Mun ce mata huɗu ne don mun san mutanenmu. Akwai magidancin da ba zai bar namiji ya buɗe cikin matarsa ba, akwai matar da ita kanta ba za ta yarda ba. Huɗu kuma, don in ɗaya ta tafi hutun haihuwa, ɗaya aka yi mata canji, aiki ba zai sake mutuwa ba. Su je wurinki bibbiyu, su yi ta gwadawa a gaban malami har ki gamsu da hannunsu. Bayan nan ɗaya daga cikin manyan ɗalibanki ya riƙa leƙo mu wata-wata, yana duba hotunan da suka ajiye yana gyara musu. Kuɗin mota da masauki da abinci kwamiti ya ɗauka.

Sauran buƙatun ƙanana ne. Ki sa mana baki a samu na'ura ta hannu mai batir, wadda sola da inbata za su riƙe, in da hali mai nuna gudun jini a cibiya, saboda masu hawan jini da ake tsoron jijjiga. Ki kuma ba mu lambar da za mu kira kafin mu turo mara lafiya. Mun ware ɗaki mai labule da ƙofa, kusa da wurin awo. Amma ko na'urar ta zo gobe, in babu mai riƙe ta sito za ta koma. Sunayen ungozomomin huɗu suna manne da wannan takarda, ga su can zaune a layin gaba.

Allah ya ƙara miki lafiya da ɗaukaka, ya mai da ke gida lafiya. Mun gode.

Shugaba da Sakatare, a madadin Kwamiti.